Sabulun Haɗin Gida a Kakar Amurka: Kyautar da Awo da Jira Ke Ba Ta Daraja

Da zarar watan Satumba ya kama a arewacin Amurka, zafi yakan fara ja da baya, ganyen itatuwa su rikiɗe su koma ja da ruwan ɗorawa, kabewa kuma ta cika kasuwannin manoma. Daga nan har ƙarshen shekara bukukuwa ne ke bin juna: Halowin ranar 31 ga Oktoba, bikin Godiya ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, sai Kirsimeti ranar 25 ga Disamba. Lokaci ne na ziyara da ciyayya, kuma ba a cika zuwa gidan mutane hannu rabbana ba. Cikin tsarabar da ake riƙowa mai masauki, ko a miƙa wa maƙwabci da malamar yara, akwai wadda ta samu karɓuwa a 'yan shekarun nan: sabulun da mutum ya haɗa da hannunsa a ɗakin girkinsa, mai launin kabewa da ƙamshin kirfa, an naɗe shi da takarda an ɗaure da zare. Masu tallar kayan haɗinsa kan ce darajarsa tana cikin ƙamshinsa da kasancewarsa ba shi da sinadari. Ni kuwa ina ganin sun sa hannu a inda ba nan ba ne. Abin da ya sa wannan sabulu ya cancanci zama kyauta abu biyu ne da ido ba ya gani, wato awo na ƙwarai da jiran makonni. Idan ɗaya daga cikinsu ya kuɓuce, to an miƙa wa mutum abin da zai iya ƙona masa fata, komai kyan naɗinsa.

Hanyar da mafi yawan masu wannan aiki ke bi ita ce haɗin sanyi, wato haɗin da ba a ɗora shi a wuta ya dahu. Ana narkar da kostik soda a ruwa, a bar shi ya huce, a zuba shi cikin mai, a dama da injin markaɗe na hannu har haɗin ya yi kauri kamar kunu, sannan a juye a mazubi a rufe. Zafin da aikin ke buƙata haɗin ne da kansa ke samar da shi. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu kostik ɗin ya gama cin man, abubuwan biyu sun rikiɗe sun zama sabulu da gilisarin, sai a fitar a yayyanka. Masanin kimiyyar harhaɗa sinadarai na Faransa, Michel Eugène Chevreul, shi ya fayyace wannan rikiɗa a littafinsa na 1823 kan kitsen dabbobi, inda ya nuna cewa kowane mai haɗi ne na gilisarin da wasu sinadarai masu tsami, kuma kostik yana raba su ne ya kama masu tsamin. Daga nan aka gane cewa kowane irin mai yana da adadin kostik ɗin da yake ci. Giram 1 na man zaitun yana cin kimanin giram 0.135, man kaɗanya kimanin 0.128, man kwakwa kuwa kimanin 0.183. Wanda ya haɗa giram 500 na man zaitun da 300 na man kwakwa da 200 na man kaɗanya yana buƙatar kimanin giram 148 na kostik kafin man ya ƙare ƙaf. Masu aikin sukan rage kashi 5 cikin 100 da gangan, su zuba kimanin giram 140, domin ɗan mai ya yi saura ya zama garkuwa ga fata. Tazarar giram 8 ke nan a cikin haɗin da ya haura kilo ɗaya, kuma a kanta amincin sabulun ya rataya. Shi ya sa ba a awon wannan aiki da cokali ko kofi, sai da sikeli, kuma duk wanda ya musanya wani mai da wani dole ya sake lissafi daga farko.

Sharaɗi na biyu shi ne jira. Sabulun da aka yanka yau bai isa amfani ba, domin cike yake da ruwa, yana da laushi, kuma yana da kaifi a fata. Ana jera shi a wuri mai iska, ana juya shi lokaci-lokaci, har mako 4 zuwa 6, ruwan ya tsane, jikinsa ya yi tauri, kumfarsa ta gyaru. Wanda aka yi da man zaitun zalla yakan nemi wata 6 ko fiye kafin ya kai. Wannan ya sa mai sabulu yake lissafin kalanda daga baya zuwa gaba. Mai son rabawa a Halowin sai ya haɗa tun tsakiyar Satumba, mai nufin bikin Godiya ya haɗa a tsakiyar Oktoba, mai nufin Kirsimeti kuwa kada ya wuce mako na biyu na Nuwamba. A ƙasar da washegarin bikin Godiya ta zama ranar rububin sayayya, inda kuma ake latsa waya kaya su iso ƙofar gida cikin kwana biyu, wannan kyauta tana ɗauke da shaidar da ba a iya ƙirƙira: an tuna da kai wata ɗaya da rabi kafin ranar. Kuɗi na iya sayen man da ya fi tsada da mazubin da ya fi kyau, amma ba ya rage kwana ɗaya daga cikin makonnin nan. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe, kuma a nan maganar a zahiri take, domin sabulun da aka ba da shi ɗanye yakan narke cikin 'yan kwanaki a ɗakin wanka.

Alaƙar sabulu da kaka a Amurka ba 'yan talla suka ƙirƙiro ta ba. A gonakin ƙarni na 18 da na 19, lokacin da sanyi ya fara shigowa ne ake yanka shanu da aladu domin naman ya jure ajiya, kitse ya taru, tokar murhu kuma tana nan jibge. Matan gida sukan tace ruwan toka, su gwada ƙarfinsa ta hanyar jefa ƙwai ko dankali su ga ko zai taso, sannan su dafa shi da kitse a babbar tukunya a waje. Abin da ke fitowa sabulu ne mai laushi, domin sinadarin toka ba ya daskarar da sabulu kamar kostik soda. Tushen aikin ɗaya ne da na sabulun salo, wanda ake dafawa da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man alayyadi a ƙasar Yarabawa da Ghana. Sai dai awon ƙwai awo ne na kirdado: yau sabulu ya yi daidai, gobe ya fito yana cin hannu. Masana'antu ne suka raba mata da wannan wahala. Hanyar da Nicolas Leblanc ya fito da ita a 1791 ta samar da soda daga gishiri ta sa sinadarin ya wadata, Ingila ta soke harajin sabulu a 1853, kamfanin Procter & Gamble na birnin Cincinnati ya fito da sabulun Ivory a 1879, a hankali tukunyar toka ta zama tarihi. Da sana'ar ta farfaɗo daga shekarun 1970, ba tsohuwar ce ta dawo ba. Ta dawo ne da kostik mai tsabta wanda aka san ƙarfinsa, da sikeli mai ƙidaya giram, daga baya kuma da shafukan intanet masu yin lissafin haɗi. A 1998 masu aikin suka kafa ƙungiyarsu a Amurka, a 2005 kasuwar intanet ta Etsy ta buɗe musu hanyar sayarwa, a 2010 kuma Kevin Dunn, malamin kimiyya a kwalejin Hampden-Sydney ta jihar Bajiniya, ya wallafa littafi sukutum kan kimiyyar haɗin sanyi. Sabulun gida na yau ɗan kimiyya ne da ya sa rigar gargajiya, kuma amincinsa daga kimiyyar ya fito.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a kayan ƙawar da ke sa sabulu ya zama na kaka. Ƙamshin lokacin shi ne haɗin kirfa da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, wanda ake sa wa abincin kabewa, kuma tun da kamfanin Starbucks ya fito da kofi mai wannan ɗanɗano a 2003 ƙamshin ya mamaye komai, daga kyandir har man shafawa. Amma abin da ya yi daɗi a baki ba lallai ya yi wa fata daɗi ba. Man kirfa da man kanumfari suna cikin mayukan ƙamshi da aka fi sani da tayar da ƙaiƙayi da ja a fata, shi ya sa ƙungiyar masu turare ta duniya ta ƙayyade iyakar da za a zuba a kayan wanka. Bayan haka, sukan sa haɗin ya daskare farat ɗaya tun kafin a kai shi mazubi. Turaren da ke da sinadarin banila yakan mai da farin sabulu ruwan ƙasa cikin makonni. Furanni da ganyayen da aka dama a ciki yawanci sukan yi duhu, domin kostik ba ya barin launinsu. Kabewar kanta ana iya sa markaɗaɗɗiyarta a madadin wani kaso na ruwa, ta ba da launi mai kyau, amma in an bar gutsattsari a ciki za su iya yin fumfuna. Garin kirfa idan ya yi yawa yakan karci jiki. Zuma da madara suna ƙara kumfa, suna kuma ƙara zafin haɗin har ya tsage. Ke nan duk wani abin ado da aka ƙara yana buɗe sabuwar ƙofar kuskure, kuma wanda ya san aikin shi ne wanda ya san inda zai tsaya. Sabulu mai mai uku da ɗan ƙamshin ɓawon lemu, wanda aka auna daidai aka jira ya nuna, ya fi mai launi biyar da aka haɗa ana saura mako biyu biki.

Ƙorafi na farko da ake yi kan sabulun gida mai nauyi ne: kostik soda abu ne mai haɗari, me zai kai shi ɗakin girki? Gaskiya ne. Yana ƙona fata, ɗigonsa a ido na iya makantarwa, idan ya haɗu da ruwa zafinsa kan kai kusan digiri 90, yana kuma fitar da tururi mai shaƙe numfashi. Idan ya taɓa tukunyar alminiyam yakan cinye ta, ya fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Ƙa'idojin kariya sanannu ne kuma ba su da yawa: tabarau mai rufe ido, safar hannu, riga mai dogon hannu, taga a buɗe, yara da dabbobi a nesa, a zuba kostik cikin ruwa kada a zuba ruwa a kan kostik, in kuma ya fantsama a jiki a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci. Haɗarin yana kan mai haɗawa ne na ɗan lokaci, wanda aka ba kyautar kuwa babu abin da kostik zai yi masa muddin lissafi ya yi daidai aka kuma jira sabulun ya nuna, domin kostik ɗin ya riga ya ƙare a cikin rikiɗar. Abin da wannan ƙorafi ya rushe shi ne iƙirarin cewa sabulun gida ba shi da sinadari. Babu sabulu na gaskiya a duniya da aka yi ba da kostik ko ɗan'uwansa na toka ba. Wanda ba ya son taɓa shi yana da mafita: akwai daskararren sabulu da ake sayarwa wanda sai dai a narkar a sa ƙamshi a zuba a mazubi, har yara ma na iya sa hannu. Kyauta ce mai kyau, sai dai a faɗi gaskiyar abin da take.

Ƙorafi na biyu daga likitocin fata yake fitowa. Fatar mutum tana da ɗan tsami, kusan 5.5 a ma'aunin tsami da kaifi, sabulu na gaskiya kuwa, na gida ko na kamfani, yana tsakanin 9 da 10. Shi ya sa ake shawartar masu busasshiyar fata ko masu ƙyasbi da ƙaiƙayi su yi amfani da abin wanka mai sauƙin kaifi irin Dove, wanda ya shigo kasuwar Amurka a 1957 kuma a ƙa'idar kimiyya ba sabulu zalla ba ne. Wannan ma gaskiya ne, kuma bai kamata mai sabulun gida ya musa ba. Abin da zai iya faɗa da hujja kaɗan ne amma tabbatacce: gilisarin ɗin da manyan masana'antu kan tsame su sayar daban yana nan cikin nasa, ɗan man da ya rage yana sassauta kaifi, kuma ya san kowane abu da ya shiga ciki. Bayan wannan duk zuƙi ta malle ce. Dokar Amurka ma ta ja layi a nan: sabulun da aka ce wanki kawai yake yi yana ƙarƙashin hukumar kare masu sayen kaya, da zarar an ce yana gyara fata ya koma kayan kwalliya, in kuwa aka ce yana warkar da ƙuraje ya zama magani, hukumar abinci da magunguna ta shigo. A Tarayyar Turai ba a sayar da shi sai ƙwararre ya tantance lafiyar haɗin, bisa dokar kayan kwalliya ta 2009. Mai ba da kyauta ba ɗan kasuwa ba ne, amma fatar da za ta karɓa fata ce, don haka ya dace ya riƙe kansa da irin wannan ma'auni.

Ƙorafi na uku na masu lissafin tattalin arziki ne. Idan aka tara kuɗin mai da turare da mazubi da sikeli, ga kuma lokaci, sabulun gida ya fi na kanti tsada nesa ba kusa ba. A 1993 masanin tattalin arziki Joel Waldfogel ya yi bincike kan kyaututtukan Kirsimeti, ya gano cewa masu karɓa sukan yi musu kuɗi ƙasa da abin da aka kashe, da giɓin kashi 10 cikin 100 har zuwa kashi ɗaya bisa uku. Wani binciken na Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely a 2012 ya nuna cewa mutane kan kai darajar abin da suka haɗa da hannunsu sama da yadda wasu ke ganinsa. Duka biyun gargaɗi ne ga mai sabulu, kada son abinsa ya rufe masa ido. Amma akwai amsa. Waldfogel da kansa ya ce wa waɗanda ya tambaya su ajiye batun ƙauna gefe su faɗi farashi kawai, ke nan ya cire ainihin abin da ake ba da kyauta dominsa. Sannan irin wannan asara takan faɗa ne kan kayan da ba su dace da mai karɓa ba, irin rigar da ta yi yawa ko kayan adon da ba wurin ajiyewa. Sabulu ba ya cikin wannan sahu: kowane gida na wanke hannu, ba ya buƙatar a san girman jikin mutum, kuma yana ƙarewa bai zama kaya ba. Haɗin kilo ɗaya na mai yana ba da sabulu goma ko fiye, ya wadaci dangi da maƙwabta. Sharaɗin dai shi ne ya zama sabulun da za a yi wanka da shi. Wanda aka ƙawata har aka ji tsoron taɓa shi ya koma cikin asarar da Waldfogel ya lissafa.

Ƙorafi na huɗu shi ya fi shafar mu 'yan Afirka. Man kaɗanyar da ke sa sabulun Amurka laushi ba daga can yake ba. Itacen kaɗanya na yankin sabana ne na Afirka, kuma mata ne ke tsintar 'ya'yansa a Neja da Kwara da Kebbi da arewacin Ghana da Burkina Faso da Mali, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, su cuɗa da hannu har mai ya taso. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa samar da ƙwallon kaɗanya, amma mafi yawan abin da ke fita waje ɗanye yake fita, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyensa na wata 6 a watan Agustan 2025. Manja ma, wanda ke sa sabulu tauri, yawancin na kasuwar duniya daga Indonesiya da Malesiya yake, inda gonakinsa suka cinye dazuzzuka. Mai iya cewa: ina hannun gida a sabulun da kayansa suka ƙetaro teku da gumin wasu? Tambaya ce da ba a kauce mata. Sai dai sabulun kanti ma daga rijiya ɗaya yake sha, bambancin shi ne mai saye ba ya ganin komai. Mai haɗin gida shi ke zaɓen kowane mai da kansa, don haka yana da damar tambayar inda ya fito, ya nemi na ƙungiyoyin mata masu sayarwa kai tsaye, ko ya bar manja ya yi amfani da kitsen shanu daga mahaucin garinsu. Sanin abin da ke cikin sabulu bai tsaya kan sunan mai ba, ya haɗa da sanin hannun da ya samar da shi.

Duk waɗannan suna taruwa ne a kan 'yar takardar da ya kamata ta raka kowane sabulu. A rubuta kowane mai da kowane turare, domin wani jikinsa ba ya karɓar man almon ko kirfa. A faɗi idan akwai kitsen dabba, domin har yanzu wasu a Amurka na haɗawa da kitsen alade, kuma Musulmi da Bayahude da wanda ba ya amfani da kayan dabba suna da haƙƙin sani kafin su shafa a jiki. A rubuta ranar da aka haɗa. A guji ba shi siffar alewa ko kek a gidan da ke da ƙananan yara, musamman a Halowin da alewa ke yawo ko'ina, domin tun 1987 Turai ta yi doka kan kayan da ke kama da abinci saboda irin wannan haɗari. Kuma mai haɗawa ya fara wanka da nasa kafin ya ba wani. Sabulu na cikin kyaututtuka ƙalilan da ke taɓa jikin mutum kowace rana, mai bayarwa ba ya nan, don haka amana ce aka ɗauka. Wanda ya auna daidai, ya jira makonninsa, ya faɗi gaskiyar abin da ya zuba, ya sauke wannan amana, kuma kyautarsa ta fi ta kanti ko da ba ta kai ta kyan gani ba. Wanda lokaci ya ƙure masa kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya sayi wani abu ya kai bana, ya bar sabulunsa ya ƙarasa nuna, ya ba da shi a biki na gaba.